Mudashiru Obasa: Daga kansilan Agege zuwa kakakin da aka tsige ya koma kujerarsa

A ranar Litinin 13 ga Janairun 2025, ’yan Majalisar Dokokin Jihar Legas 32 daga cikin 40 suka tsige kakakinsu, Mudashiru Ajayi Obasa, a lokacin da yake ƙasar Amurka. Bayan kwana 49, a ranar Litinin 3 ga Maris, waɗannan ’yan majalisa suka sake zama a zaure ɗaya, suka mayar da shi kan kujerar da suka ɗauke shi daga kai.

A tsakanin waɗannan ranaku biyu ba a yi wani zaɓe ba, kuma kotu ba ta yanke hukunci ba tukuna. Don haka tambayar da ta tsaya wa mutane da dama a rai ita ce: wane ƙarfi ne ya juya ra’ayin mutum 32 a ƙasa da wata biyu? Amsar tana cikin tarihin siyasar Obasa kansa, wanda ya haura shekara ashirin yana cin zaɓe a mazaɓa ɗaya, da kuma yadda tsarin mulki ya tsara aikin ɗan majalisar jiha a Najeriya.

Asalinsa da mazaɓarsa

An haifi Obasa a ranar 11 ga Nuwamban 1972. Ya shiga siyasa ne daga matakin ƙasa, inda ya ci kujerar kansila a Ƙaramar Hukumar Agege a 1999 a ƙarƙashin jam’iyyar AD, ya kuma riƙe ta har zuwa 2002. Digirinsa na lauya ya same shi ne daga Jami’ar Jihar Legas a 2006, lokacin yana ɗan majalisa.

Agege ba baƙon suna ba ne ga fataken Arewa. Tun farkon ƙarni na ashirin, bayan da layin dogo ya ratsa garin kan hanyarsa daga Legas zuwa Ibadan, daga baya ya isa Kano, gonakin goro na yankin suka jawo Hausawa masu saye suna lodawa zuwa gida. Da yawansu suka kafa zango, suka yi aure, suka hayayyafa. A yau akwai Sarkin Hausawan Agege, akwai iyalan da suka kai jikoki da tattaɓa-kunne a wurin, kuma babbar mayankar dabbobi ta Oko-Oba, wadda ke karɓar shanu daga Arewa kullum, tana yankin. Ƙaramar hukumar tana da kujeru biyu a majalisar jiha, kuma Obasa na wakiltar mazaɓa ta ɗaya. Ke nan duk ɗan siyasar da ke neman ƙuri’a a Agege dole ya san hanyar zango da kasuwa kamar yadda ya san hanyar fadar sarakunan Yarbawa.

Zaɓe shida, sunan jam’iyya huɗu

Obasa ya shiga majalisar jiha a 2003, shekarar da jam’iyyar PDP ta kwashe jihohin Kudu maso Yamma biyar daga hannun AD, Bola Tinubu na Legas kaɗai ya tsira da kujerarsa. Daga nan ya sake cin zaɓe a 2007, da 2011, da 2015, da 2019, da kuma 2023.

Wanda ya duba takardun zaɓen zai ga sunan jam’iyyarsa yana canzawa: AD a farko, AC a 2007, ACN a 2011, sannan APC daga 2015. Amma wannan ba sauya sheƙa ba ce. Gida ɗaya ne na siyasar Tinubu yake sauya suna yana faɗaɗa, shi kuma Obasa bai taɓa fita daga cikinsa ba. Ya yi aiki da gwamnoni huɗu: Tinubu, da Babatunde Fashola, da Akinwunmi Ambode, da Babajide Sanwo-Olu.

Ƙarfin wannan gida a majalisar jiha ya fito fili a alƙaluman zaɓe. A 2015, lokacin da PDP ta yi rawar gani a Legas, kujeru takwas kawai ta samu cikin 40, kuma kafin wa’adin ya ƙare mafi yawan waɗanda suka ci su sun koma APC. A 2019 APC ta lashe duka 40. Zaɓen 2023 ne ya fi girgiza jam’iyyar, domin a ranar 25 ga Fabrairu Peter Obi na jam’iyyar Labour ya kayar da Tinubu a Legas da ƙuri’a 582,454, yayin da Tinubu ya samu 572,606. Amma da aka zo zaɓen gwamna da ’yan majalisar jiha a ranar 18 ga Maris, mako uku kacal bayan haka, APC ta samu kujeru 38, Labour ta tashi da biyu.

Wannan bambanci yana nuna yadda zaɓen majalisar jiha ya sha bamban da na shugaban ƙasa. A zaɓen shugaban ƙasa, guguwar ra’ayi tana iya fito da mutanen da ba su saba zuwa rumfa ba. Zaɓen ɗan majalisar jiha kuwa na masu tsari ne: shugabannin gunduma, ƙungiyoyin kasuwa, ƙungiyoyin direbobi, masu unguwanni da limamai. Wanda ya fara daga kansila ya san waɗannan mutane da sunayensu, ya san bikinsu da zaman makokinsu.

Abin da tsarin mulki ya tanada

Dalilai uku na doka ne suke ba ɗan majalisar jiha damar daɗewa irin wannan.

Na farko, babu iyakar wa’adi. Tsarin Mulkin 1999 ya hana a zaɓi gwamna fiye da sau biyu, amma bai sanya wa ɗan majalisa irin wannan iyaka ba. Muddin yana cin zaɓe duk bayan shekara huɗu, kujerar tasa ce.

Na biyu, Sashe na 106 ya wajabta wa ɗan takara ya kasance ɗan jam’iyya, kuma jam’iyyar ce ta tsayar da shi. Babu takarar ƙashin kai. A jihar da jam’iyya ɗaya ta yi kaka-gida, ainihin gwagwarmayar tana wurin zaɓen fid-da-gwani, ko ma kafin shi, a zaman da manya ke yi su daidaita wanda za a bai wa tikiti. Ranar babban zaɓe sau da yawa tabbatarwa ce kawai. Sakamakon haka, ɗan majalisa ya fi jin tsoron masu raba tikiti fiye da abokin hamayyarsa na wata jam’iyya.

Na uku, kiranye yana da matuƙar wuya. Sashe na 110 ya buƙaci fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa su sa hannu a takardar koke, hukumar INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri’ar raba gardama. A mazaɓun da ko rabin masu rajista ba sa fitowa ranar zaɓe, wannan sharaɗi ya kusa zama abin da ba zai yiwu ba.

Kujerar kakaki kuwa dabam take. Masu zaɓe ba su da hannu a cikinta. ’Yan majalisa ne ke zaɓen ɗaya daga cikinsu. Sashe na 92 ya ce za a iya cire kakaki da ƙudirin da ya samu ƙuri’ar aƙalla kashi biyu bisa uku na ’yan majalisa, wato mutum 27 a majalisa mai kujeru 40 kamar ta Legas ko ta Kano. Ba a buƙatar doguwar hanyar da ake bi wajen tsige gwamna, inda Sashe na 188 ya tanadi rubutacciyar tuhuma da kwamitin mutum bakwai da babban alƙalin jiha zai naɗa. Shi ya sa kujerar kakaki ke saurin juyawa a jihohi da yawa. A Kano, alal misali, Kabiru Alhassan Rurum ya sauka a 2017, Yusuf Abdullahi Ata ya gaje shi, aka tsige Ata a 2018, Rurum ya dawo.

Legas ta fita dabam a wannan fanni. Bayan tsige Jokotola Pelumi a 2005, Adeyemi Ikuforiji ya riƙe kujerar har zuwa 2015. Obasa ya gaje shi a watan Yunin 2015, aka sake zaɓensa a 2019 da 2023. Mutum biyu ke nan suka riƙe majalisar kusan shekara ashirin.

Dokokin da suka taɓa aljihun ɗan kasuwa

Mutane da yawa ba su san sunan ɗan majalisar jiharsu ba, alhali dokokin da suka fi kusa da rayuwar yau da kullum daga wurinsu suke fitowa: filaye, kasuwanni, zirga-zirgar ababen hawa a cikin gari, harajin jiha, da kasafin da ake biyan albashin ma’aikata daga cikinsa. Majalisar da Obasa ya jagoranta ta ba da misalai.

A 2016 ta zartar da dokar kafa rundunar tsaron unguwanni, wadda Obasa da kansa ya gabatar da ƙudirinta. A 2018 ta yi dokar kare harshen Yarbanci da wajabta koyar da shi a makarantu. A shekarar kuma ta yi sabuwar dokar harajin filaye da gine-gine, wadda ta ɗaga kuɗin sosai har masu gidaje da masu masana’antu da lauyoyi suka yi zanga-zanga. A 2020 aka maye gurbinta da wata mai sassauci.

A watan Satumban 2021, bayan matsayar da gwamnonin Kudu suka ɗauka a taronsu na Asaba a watan Mayu, majalisar ta zartar da dokar hana kiwon sake a faɗin jihar, abin da ya shafi makiyaya da dillalan shanu kai tsaye. A watan dai ta yi dokar da ke ba jihar ikon karɓar harajin VAT da kanta a maimakon gwamnatin tarayya, sai dai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta umarci a tsaya yadda ake, hukumar tara haraji ta tarayya ta ci gaba da karɓa.

Haka nan, a jawabinsa na kama aiki a ranar 6 ga Yunin 2023, Obasa ya bayyana Legas a matsayin ƙasar Yarbawa, ya kuma ce majalisa za ta yi dokokin kare ’yan asalin jihar a fannin kasuwanci da mallakar kadarori. Jawabin ya zo ne bayan zaɓen da aka yi ta-da-jijiyar-wuya kan ƙabilanci, kuma ya tayar da hankalin ’yan kasuwar da suka fito daga wasu sassan ƙasar, musamman ’yan ƙabilar Ibo. Abin lura shi ne, mai wannan magana yana wakiltar ɗaya daga cikin mazaɓun da suka fi cakuɗuwar ƙabilu a jihar.

Takun-saƙa da gwamnoni

An saba kallon majalisun jihohi a matsayin ’yan amshin shatan gwamna. Ta Legas a ƙarƙashin Obasa ta nuna wa gwamnoni biyu ƙarfinta, amma yana da kyau a duba lokacin da ta yi hakan.

Ambode ya rasa tikitin neman wa’adi na biyu a zaɓen fid-da-gwani na watan Oktoban 2018, inda Sanwo-Olu ya kayar da shi da goyon bayan manyan jam’iyya. Bayan wata uku, a Janairun 2019, majalisar ta yi barazanar tsige shi, bisa zargin kashe kuɗi kafin gabatar da kasafin shekarar. Wato majalisar ta ɗaga murya ne bayan da jam’iyya ta riga ta juya wa gwamnan baya.

Na Sanwo-Olu ya bambanta. A watan Yulin 2023 ya aika da sunayen mutum 39 domin a tabbatar da su a matsayin kwamishinoni da masu ba da shawara. Ƙungiyoyin Musulmi sun riga sun koka cewa Musulmi takwas ne kawai a jerin, ’yan siyasa kuma suna ƙorafin an fifita ƙwararru a kan waɗanda suka sha wahalar yaƙin neman zaɓe. Majalisar ta amince da 22, ta yi watsi da 17, ciki har da Farfesa Akin Abayomi da ya jagoranci yaƙi da cutar korona a jihar a matsayin kwamishinan lafiya, da Gbenga Omotoso na ma’aikatar yaɗa labarai. Sai da manyan jam’iyya suka shiga tsakani, gwamnan ya sake aika sunaye, sannan aka tabbatar da su biyun.

A watan Nuwamban 2024, ranar gabatar da kasafin 2025 na sama da Naira tiriliyan uku, rahotanni sun ce an bar gwamnan yana jira na tsawon sa’o’i kafin a fara zama. A jawabinsa na wannan rana Obasa ya taɓo maganar takarar gwamna, yana nuna cewa bai yanke shawara ba, amma shekarunsa da gogewarsa sun isa. Masu bin siyasar jihar da dama sun ɗauki wannan a matsayin wuce gona da iri a gidan da ba a saba bayyana buri ba sai an samu izini.

Kwana 49

Ranar 13 ga Janairun 2025, yayin da majalisar ke hutu, ’yan majalisa suka hallara. Femi Saheed ya gabatar da ƙudirin tsigewa, yana zargin kakakin da rashin ɗa’a, da kama-karya, da almundahana da kuɗin majalisa. Aka zaɓi mataimakiyarsa, Mojisola Meranda mai wakiltar mazaɓar Apapa ta ɗaya, ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin kakaki a tarihin jihar. Aka kuma dakatar da akawun majalisar, Olalekan Onafeko.

Ba wannan ne karo na farko da aka zargi Obasa kan kuɗi ba. A 2020 jaridar intanet ta Sahara Reporters ta wallafa jerin zarge-zarge a kansa, kwamitin majalisa ya wanke shi, hukumar EFCC kuma ta yi masa tambayoyi a shekarar. Ya musanta zarge-zargen a wancan lokaci, ya kuma musanta na 2025.

Da ya dawo Legas a ƙarshen Janairu, ya shaida wa magoya bayansa cewa shi ne kakaki har yanzu, domin a cewarsa ba a bi ƙa’ida ba. Daga baya ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha da ke Ikeja. A ranar 17 ga Fabrairu jami’an hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, suka mamaye harabar majalisar, aka yi ture-ture kafin ’yan majalisa su shiga zaure, inda suka kaɗa ƙuri’ar amincewa da Meranda. Hukumar ta ce ofishin akawun majalisar ne ya gayyace ta. A ranar 27 ga watan, bayan an janye jami’an tsaron da ke tare da Meranda, Obasa ya shiga majalisar da rakiyar jami’an tsaro, ya jagoranci zama da ’yan majalisa huɗu kacal.

A bayan fage kuwa, jam’iyya tana aikinta. Majalisar dattawan APC ta Legas, wadda aka fi sani da GAC, ta rabu kan batun. Sai aka turo dattawa biyu, tsohon Gwamnan Osun Bisi Akande da tsohon Gwamnan Ogun Olusegun Osoba, su sasanta. A ranar 3 ga Maris Meranda ta yi murabus, ta koma muƙaminta na mataimakiya, aka sake zaɓen Obasa. Bayan kwanaki kaɗan, Shugaba Tinubu ya gana da ’yan majalisar a fadarsa da ke Abuja.

Babu wanda ya janye zarge-zargen a bainar jama’a, babu kuma kwamitin majalisa da ya fito da sakamakon bincike a kansu kafin komawar tasa. Abin da ya canza shi ne lissafi. Kowane ɗaya daga cikin 32 ɗin yana buƙatar tikitin jam’iyya a zaɓe mai zuwa, kuma ya san inda ake rubuta tikitin.

Hukuncin kotu

A ranar 16 ga Afrilun 2025, Mai Shari’a Yetunde Pinheiro ta yanke hukuncin cewa zaman ranar 13 ga Janairu haramtacce ne, ta kuma soke duk abin da aka zartar a cikinsa. Hukuncin bai shiga batun gaskiyar zarge-zargen ko ƙaryarsu ba. Ya tsaya ne kan hanya: majalisar tana hutu, dokokinta na cikin gida sun fayyace yadda ake kiran zama a lokacin hutu, kuma ba a bi su ba.

Wannan darasi ne ga sauran majalisun jihohi, inda aka sha tsige kakaki da asuba ko a ɗakin otal. Samun kashi biyu bisa uku bai wadatar ba idan zaman da aka kaɗa ƙuri’ar bai halatta ba, kuma kotu tana iya duba ko majalisa ta bi dokokin da ta shimfiɗa wa kanta. Masu sukar hukuncin kuma suna da tasu hujjar: idan kiran zama a lokacin hutu sai ya bi ta hannun shugabannin majalisa, to kakakin da ya hango tsigewa zai iya fakewa da hutu. Hanyar da ta rage wa masu rinjaye ita ce su jira ranar komawa aiki.

Abin da tarihin ke nunawa

Tarihin Obasa ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko mazaɓa ce da ya riƙe tun yana kansila. Na biyu majalisa ce, inda daɗewa ta ba shi sanin dokoki da ikon raba shugabancin kwamitoci. Na uku jam’iyya ce da jagoranta. A Janairun 2025 dutse na biyu ya kife gaba ɗaya, amma na uku ya tallafe tukunyar. Da na ukun ne ya kife, da wuya sauran biyun su riƙe shi, kamar yadda Ambode ya gani duk da yana kan kujerar gwamna.

Magoya bayansa suna ganin daɗewarsa ta ba majalisar ƙwarewa da kwarjinin da ya sa take iya ce wa gwamna a’a, abin da ba kasafai ake gani a jihohi ba. Masu adawa da shi suna ganin mutum ɗaya ya yi wa majalisar katutu, har ya zamana rinjayen kashi huɗu bisa biyar bai iya motsa shi ba. Duka ɓangarorin suna da abin nunawa a cikin tarihin da aka zayyana.

Ga ɗan kasuwa ko ma’aikacin gwamnati, a Agege yake ko a Sabon Gari, abin ɗauka a nan shi ne inda ake yanke shawara. Ɗan majalisar da zai kaɗa ƙuri’a kan harajin shagonsa, da dokar kasuwarsa, da kasafin albashinsa, ana fitar da shi ne a matakin gunduma da zaɓen fid-da-gwani, watanni kafin ranar da ake shiga layi da katin zaɓe. Ƙungiyoyin kasuwa da na ma’aikata da ke jiran ranar babban zaɓe kafin su gabatar da buƙatunsu kan tarar an riga an raba gari, sai dai su zaɓa daga cikin abin da aka ɗora musu a faifai.